Baki, Baƙi da Baƙi: Zangon da Na Koyar da Hausa Daga Ɗaki a Beijing

Ranar da aka rufe birnin Wuhan saboda cutar korona, 23 ga Janairun 2020, ina kicin ina kokawa da garin masarar kanti, irin wanda duk yadda ka tuƙa shi ba ya yarda ya zama tuwon kirki. Muna cikin hutu. Ɗalibai sun watse garuruwansu don bikin sabuwar shekararsu, wadda ta faɗo 25 ga wata, Beijing ta yi fayau kamar kasuwar Sabon Gari a makon Kirsimeti. Ni ban je gida ba. Na yi lissafin kuɗin jirgi na ga zai cinye kwanon rufin ginin da nake lallaɓawa a Kano, sai na ce wa maiɗakina ta yi haƙuri sai dogon hutu na Yuli. Abokin aikina mai koyar da Suwahili ya yi mini dariya ya tafi Tanzaniya abinsa. Da Sin ta rufe ƙofarta ga 'yan ƙasashen waje ranar 28 ga Maris, shi ya koma tashi ƙarfe 3 na dare don ya koyar da ajin ƙarfe 8 na safen Beijing, ni kuma na ƙare a ɗaki ɗaya wata da watanni. Har yau ba mu daidaita kan wanda ya fi wani asara ba.

Aikina a can koyar da Hausa ne a wata jami'a. In na faɗa a gida sai a ce, "To su 'yan Chaina me za su yi da Hausa?" Alhali gidan rediyon ƙasar yana watsa shiri da Hausa tun 1963, kafin a haife ni, kuma kamfanonin da ke shimfiɗa layin dogo a Najeriya da haƙar mai a Nijar ba sa rabuwa da neman tafinta. A wannan zangon 'yan aji ɗaya gare ni, su 16, wata huɗu kacal da fara jin Hausa. Sun iya gaisuwa, sun iya ƙirga, sun san "ina so" da "ba na so". Harshensu dai bai gama faɗawa ba.

Kafin a kai ga maganar karatu, unguwar ma'aikatan da nake zaune ta koma bariki. Ƙofa uku gare ta, aka toshe biyu, aka kafa rumfa a ta ukun, aka raba mana ɗan katin shiga da fita. Duk wanda zai wuce sai an saita masa na'urar auna zafin jiki, mai kama da ƙaramar bindiga. In ta kai 37.3 ka shiga uku. Amma sanyin Fabrairu kan rikita ta, wata rana ta nuna 33, maigadin ya dube ta, ya dube ni, ya ɗaga mini hannun riga ya saita a tsintsiyar hannu, ta sake nuna 33, ya ce, "Wuce, laoshi," wato malam. A cikin lifta an manna soso an soke shi da tsinken sakace, ka zari ɗaya ka danna lamba ka jefa a kwali. In ka yi odar abinci, a jikin ledar za ka ga takarda ɗauke da zafin jikin wanda ya dafa da na ɗan babur ɗin da ya kawo. Kullum kuma kafin azahar sai na cike fom a waya: ina nake, nawa zafin jikina, ko na yi tari.

Sanarwar karatu ta zo da taken da ma'aikatar ilimi ta fitar: a daina zuwa aji, amma kada a daina karatu. Aka ce kowane malami ya zaɓi manhajar da zai yi amfani da ita, ya gwada, ya aiko da tsarinsa cikin mako guda. Aka yi mana horo ta bidiyo na awa biyu da Sinanci zalla, wanda na tsinci gaisuwar farko da godiyar ƙarshe. Monitar ajina ce ta cece ni. Ta kira ni ta WeChat, ta sa na juya kyamarar waya tana kallon kwamfutata, tana cewa da 'yar Hausarta, "Malam, hagu. A'a, Malam, hagu na biyu. Ja. Ba ja ba, shuɗi." Da haka muka buɗe aji.

A gwajin farko muka gano babbar matsala: littattafansu duk suna ɗakunan kwanan makaranta. Hutun wata guda suka tafi, ba wanda ya ɗauki littafin Hausa, ni ma a shekarunsu ba zan ɗauka ba. Na kwana biyu ina ɗaukar shafuka hoto ɗaya bayan ɗaya a bakin taga, inda haske ya fi. Na sayi ƙaramin farin allo, aka ajiye mini a kan kanta a bakin ƙofar unguwa, maigadi ya feshe kwalin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta har ya jiƙe kafin ya miƙo. Kwamfutar kuwa na ɗora ta kan wani ƙaton ƙamus da tukunyar dafa shinkafa don kada ɗalibai su yini suna leƙen cikin hancina.

Ranar farko na sa babbar riga da hula, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma wandon barci da safa biyu. Na buɗe, sai ga akwatuna 16 baƙaƙe wuluk, kowanne da suna a ƙasa, ba fuska ko ɗaya. Na ce, "Ina kwananku?" Wanda ya taɓa koyar da harshe ya san amshi shi ne gishirin aji. A da in na ce haka, murya 16 ke tashi lokaci guda. A nan sai amsar ta riƙa isowa a rarrabe, ta wannan ta hau ta wancan, ga kukan jariri, ga carar zakara daga wani ƙauye, ga wata uwa tana faɗa, abin ya zama kamar kwaɗi a daren damina. Monita ta ce in rufe wa kowa makirfo. Na rufe. Na ce, "Ina gajiya?" Shiru. Can sai na ga wajen rubutu ya fara cika: 1, 1, 1, 1. Ashe a al'adarsu ta intanet, in mai magana ya tambaya ko ana jin sa, lamba 1 ake bugawa. "Ina aiki?" 1111. "Yaya mutanen gida?" 1111. Da na yi wani bayani ya shige su sai na ga 666, na tsorata, na tambaya. Yabo ne, wai abin ya tafi sumul. Shekarata fiye da 20 ina koyarwa, ba a taɓa gaishe ni da lissafi ba sai ranar.

Kyamara kuwa sai da muka yi ciniki. Yawancinsu ba sa son a ga cikin gidajensu, wasu daga kan gado suke halarta, wani yaro daga Gansu kuma kan rufin ɗaki yake hawa saboda nan kaɗai sabis ke kamawa, sanye da rigar sanyin kakansa. Muka tsaya a kan cewa wanda na kira sunansa ya buɗe, in ya gama ya rufe.

A mako na biyu na gane akwai abin da ke cin darasina. Muna kan bambancin "kafa" da "ƙafa", "baki" da "baƙi", "bari" da "ɓari", ina ta maimaitawa har wuyana ya bushe, su kuma suna rubuta mini cewa duk ɗaya suke ji. Na yi zaton raini ne ko lalaci. Sai monita ta naɗi muryata yadda take fita a wajensu ta turo mini. Na saurara na riƙe baki. Manhajar tana da wani tsari na tace hayaniya, wanda ke share ƙarar ƙofa da ƙwanƙwasar madannai, kuma a kunnenta wannan ɗan ƙas ɗin da ke cikin "ƙ" da "ts" ƙwanƙwasa ce. Sai ta aske shi. "Ƙafa" ta fita "kafa", "tsuntsu" ya fita kamar mai mura ne ke faɗa. Wanda ya ƙera ta bai taɓa jin Bahaushe yana magana ba, ba laifinsa ba ne, amma na yi kwana goma ina zargin yara a banza.

Muka lalubo inda ake kashe tsarin, muka kashe. Na sayi abin sawa a kunne mai igiya da makirfo a jiki. Duk da haka na ga kunne kaɗai ba zai wadatar ba, sai na koma wa ido. Masana sun kira "ƙ" da "ts" tunkuɗau, "ɓ" da "ɗ" kuma haɗiyau, kuma sunayen sun dace, don a na farko maƙogwaro sama yake yi ya tunkuɗo iska, a na biyu ƙasa yake yi. Na ɓalle maɓallin wuya, na kawo zakaran wuyana dab da kyamara, na ce su zuba ido. Ƙa, ya hau. Ɓa, ya sauka. Na ce kowa ya riƙe numfashi kamar mai nutso a rafi, sannan ya yi ƙoƙarin faɗin "k" ba tare da ya saki ba. Can sai na ji wani ƙas mai tsabta daga rufin ɗakin Gansu. Na tashi tsaye don murna, na manta da wandon barci.

Kafin magariba hotuna biyu sun shiga zauren ajinmu na WeChat. Ɗaya wuyana ne, an rubuta "ƘA" a ƙasa. Ɗayan wandon ne, mai zanen ɗigo-ɗigo, an rubuta "Madalla". Sun mayar da ni sitika. Har zangon ya ƙare, duk wanda ya ba da amsa daidai a zaure, wandon ake tura masa. Na yi niyyar nuna fushi, na tuna irin sunayen da muka laƙaba wa malamanmu a sakandare, na bar maganar.

Sauran aikin furuci ya koma saƙon murya. WeChat ba ya barin saƙo ya wuce daƙiƙa 60, sai na tsara kowane aikin gida ya shiga cikin minti guda. Kowane dare bayan isha ina zaune da kofin shayi ina sauraren murya 16 suna fama da kwaɗo da ƙato da suka tafi ƙoto, ina mayar wa kowa da nasa gyaran. Wani abin mamaki, wannan ya fi aji amfani. Yarinyar da a gaban mutane ba a jin muryarta sai ta naɗi abu sau goma a ɗakinta ta turo wanda ya fi kyau. Karin sauti bai ba su wuya ba, don harshensu yana da guda huɗu, namu hawa da sauka da faɗuwa wasa ne a wajensu. Inda suke faɗuwa shi ne tsawon wasali da ra-gare, wato "r" ɗin nan mai karkaɗa harshe. Akwai wanda har yau in ya ce "bara" ban san ko shekarar da ta wuce yake nufi ba ko almajiranci.

Rubutu ma da nasa. Madannan wayoyinsu ba su san ƙugiya ba. Na liƙa ɓ, ɗ, ƙ a saman zaure, kowa ya kwafa ya manna, a wasu wayoyin kuma su fito a matsayin ɗan akwati. Na kafe a kan sai sun sa, ina rage maki. Rannan wani ya haura katanga, kamar yadda suke kiran shiga shafukan da aka toshe, ya leƙa Facebook ya dawo da hoton rubutun Hausawa, ya ce, "Malam, su ba sa sawa." Na ce masa su sun sha a nono, in sun ga "kasa" sun san ko ƙasa ce ko kasa ce, kai kuwa da sauranka. Amsa ce ta kare kai. Gaskiyar ita ce ya kama mu.

Ni ma kullum sai na haura katangar nan, don WhatsApp ba ya aiki a can sai da dabara. Sai na zama mai zama a intanet biyu, tsakaninsu awa 7. A ta cikin gida, miliyoyin mutane da ke kulle suna kallon ginin asibitin Huoshenshan kai tsaye, mai gado 1,000, wanda aka gama cikin kwana goma, suna raɗa wa motocin haƙa sunaye suna zaɓen gwani kamar 'yan kallon dambe. 'Yan makaranta sun ji jita-jitar cewa manhajar da makinta ya faɗi ƙasa sosai cire ta ake yi daga kasuwa, sai suka yi wa DingTalk, wadda da ita ake ba su aikin gida, taron dangi da tauraro ɗaya-ɗaya, wasu suna rubuta cewa taurari biyar ɗin za su biya ne kashi-kashi. Har sai da kamfanin ya fitar da bidiyo yana roƙon arziki. A ƙarƙashin saƙon ƙarshe da Li Wenliang ya wallafa a shafin sada zumunta na Weibo, likitan idon nan da 'yan sanda suka ja wa kunne saboda ya gargaɗi abokansa kan cutar, ya kuma rasu ranar 7 ga Fabrairu, mutane suka mayar da wajen sharhi kamar kabarin da ake ziyarta. Wani ya gaishe shi da safe, wata ta ba shi labarin ta faɗi jarrabawa. Ɗalibaina ba su taɓa ambatarsa a aji ba, ni ma ban tambaya ba.

A ta waje kuwa, ni ne abin tausayi. Hajiyata takan sa a kira mata ni. "Ɗan nan, ka baro musu ƙasarsu haka nan." In ce, "Hajiya, ku kwantar da hankalinku, ko ƙofar gida ba na fita." Zauren danginmu ya cika da magunguna: tafarnuwa, citta, lemon tsami, da tabbacin cewa cutar ba ta kama baƙar fata, kuma zafin Kano zai ƙone ta tun a filin jirgi. Ranar 9 ga Maris aka sauke Sarki Sanusi, aka manta da ni da korona gaba ɗaya har kwana uku, na samu na huta.

A cikin Maris na ba su aiki: kowa ya rubuta jimla biyar a kan abin da yake gani ta taga. Akwai yarinya ɗaya daga lardin Hubei, ba Wuhan ba, wani gari kusa da shi, wadda tun Janairu ba ta taka waje ba. Ta rubuta: "Ina ganin hanya. Babu mutum. Babu mota. Akwai kare ɗaya. Kare bai sa takunkumi ba." Kalmar sabuwa ce a ajin. Da farko "abin rufe hanci da baki" na koya musu, sai na ji gidajen rediyon Hausa sun tsaya a kan takunkumi, na bi su. Na yi mata bayani cewa jimlarta ta fi yadda take zato daɗi, don a wajenmu dabba aka sani da takunkumi, kura ko jaki ko ɗan maraƙi, korona ce ta ciro shi daga bakinsu ta ɗaura mana. Ta turo mini wandon.

Ranar 4 ga Afrilu, ƙarfe 10 na safe, jiniya da hon ɗin motoci suka tashi na minti uku don makokin waɗanda suka mutu, manhajojin waya suka koma launin toka. Ranar 8 aka buɗe Wuhan bayan kwana 76. Muka ce an ga bayan abu.

A makon ne wani abokina ɗan kasuwar Kwari, wanda kulle ya rutsa da shi a Guangzhou ya je sayen yadi, ya kira ni wajen ƙarfe 1 na dare. "Malam, kana jin Sinanci, yi wa mutumin nan magana." Mai masaukinsa ne ya fitar masa da jaka. An samu wasu 'yan Najeriya da cutar a birnin, sai abin ya koma kan duk wani baƙar fata: gwajin dole, killacewa, kora daga gidajen haya da otal, har da masu takardar shaidar ba su da komai. Na yi magana da mutumin da guntun Sinancina, ya ce shi ma umarni aka ba shi, ya kashe. Abokina ya kwana biyu a ƙarƙashin gada da wasu 'yan Mali kafin a kai su wani otal su killace da kuɗinsu. Hotunan suka isa gida, Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zaunar da jakadan Sin Zhou Pingjian yana nuna masa bidiyo a waya, gwamnatin Sin ta ce ba ta da manufar nuna bambanci. A Beijing ba a kore ni ba. Amma na shiga lifta wata mata ta ja ɗanta suka fita, mai askin da na saba da shi ya hango ni ya girgiza hannu tun daga nesa. Maigadinmu kuwa, a makon nan dai, ya tura mini takunkumi biyar a aljihu bai ce komai ba.

Darasin da ke kan layi a tsarin da na miƙa tun Fabrairu shi ne kalmomi masu rubutu ɗaya da ma'ana daban. Ban zaɓe shi don ranar ba. Na rubuta a ɗan allona: "Bakina yana ciwo. Wandona baƙi ne. Mun yi baƙi." Na ce na farko ba ƙugiya, sun riga sun sani. Na biyu da na uku rubutunsu ɗaya, amma baƙi na launi wasalinsa na farko gajere ne, murya a sama. Baƙi na mutanen da suka zo daga wani wuri kuwa, a ja wasalin, a fara daga ƙasa a hau. Na ƙara musu da cewa harafin da ba wasali ba shi ma baƙi ne, suka yi ta 666. Sai na ce kowa ya ba da misali. Yaron Gansu ya buɗe makirfo ya ce, "Malam baƙi ne." Ya ja wasalin.

Na ce, "In launi kake nufi, gajarta shi. In kuma wanda ya zo daga wata ƙasa kake nufi, ni kaɗai ne, sai ka ce baƙo."

Ya ce, "Wanne ne daidai, Malam?"

Na ce, "Duka biyun. Ni baƙi ne, kuma ni baƙo ne."

Nahawu nake koyarwa, wallahi ba wani abu ba. Amma muryata ta fita da wani nauyi da ban shirya ba, kuma yanzu manhajar ba ta tace komai. Wajen rubutu ya tsaya cak, ba 1, ba 6. Na ga ashe duk sun gani, sun kuma ga irin abin da ake rubutawa a kanmu a Weibo, wanda ni sai an fassara mini. Na wuce zuwa "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa, muka ƙarasa.

Da dare monita ta turo saƙo ita kaɗai: "Malam, abin Guangzhou ba kyau. Ina da kunya." Na daɗe ina kallonsa. Abin da take nufi "na ji kunya", abin da ta rubuta kuwa yabon kai ne, irin wanda ake yi wa 'yar mutunci. Hannuna ya je zai gyara, na janye. Na rubuta, "Na gode, Allah ya yi miki albarka." Sai bayan kwana biyu na kawo bambancin "jin kunya" da "kasancewa da kunya" a aji, kamar daga sama ya faɗo mini. Ta buga 1.

Daga nan iska ta juya. An rufe Kano ranar 16 ga Afrilu, washegari Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu, cikin 'yan makonni kuma zauren danginmu da na tsofaffin 'yan ajinmu suka koma allon sanarwar mutuwa. Farfesa Ibrahim Ayagi, Farfesa Balarabe Maikaba, Sarkin Rano, ga dattawan unguwa da ba a buga su a jarida. Ana ta gardama ko korona ce ko zazzaɓi ne ko rufe asibitoci ne, masu haƙar kabari dai ba su huta ba. Yanzu ni ke kira ina cewa, "Hajiya, don Allah kada ku bari a riƙa shigo muku gaisuwa." Ta ce, "To in ce wa mutane su koma?" Azumi ya kama ranar 24 ga wata. Masallatan Beijing a rufe, har da na Niujie inda nakan je Juma'a, ga yini mai kusan awa 16. Ina shan ruwa ni kaɗai da dabinon Xinjiang, wanda ba dabino ba ne, wata magarya ce babba, a lokacin da a gida ko azahar ba a yi ba.

A cikin azumin kawuna ya rasu, wanda ya kai ni makarantar boko da hannunsa. Kwana uku ya yi yana zazzaɓi. Saƙon ya same ni da la'asar ɗin Beijing, kafin in samu layi ya shiga an riga an kai shi. Na yi ta'aziyya ta waya, ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu, kowa na cewa "Ya haƙuri?" muryar na yankewa. Na aika wa monita cewa gobe ba aji, an yi mini rasuwa.

Jibi da na buɗe, sai na ga fuska 16. Ba wanda na kira, duk sun kunna kyamara. Ashe sun koma shafin gaishe-gaishe da na ɗauka hoto a bakin taga, sun nemo wajen da muka tsallake don na ga bai kamace su ba tukuna. Suka riƙa buɗe makirfo ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin sunayensu. "Malam, ya haƙuri?" "Malam, Allah ya ba da haƙuri." Da aka zo kan yaron Gansu, na ga ya ja numfashi ya riƙe, kamar mai nutso, sannan ya ce, "Allah ya ji ƙansa." Ƙa ɗin ta fito ƙas. Na ce amin, na ce su ba ni minti biyu, na kashe tawa kyamarar.

Jarrabawa ta zo a ƙarshen Yuni. Mun sa rai za a yi ta a aji, don a farkon watan an fara barin 'yan ajin ƙarshe su dawo, sai cutar ta sake ɓulla a Xinfadi, babbar kasuwar kayan gwari da nama ta birnin, aka rufe ta ranar 13, aka mayar da kowa gida. Dokar jarrabawar ita ce na'ura biyu: kwamfuta a gaba, waya a baya ta gefe tana nuna hannun ɗalibi da teburinsa, don hana satar amsa. Ta wannan wayar ta baya na ga abin da suka ɓoye mini wata huɗu. Wani a shagon mahaifinsa yake, tsakanin buhunan shinkafa. 'Yar Hubei ta manne bangonta da ƙananan takardu, kowacce da kalma, ƙugiyoyin an zagaye su da jan biro, na sa ta ciccire kafin mu fara. Kakar yaron Gansu ta zauna a bakin gado ta ƙi tashi, na duba dokar ban ga inda aka hana kaka ba, tunda ba ta jin Hausa. Kowa minti 10: gaisuwa, karatu, hira, sai kwaɗo da ƙato. Mutum 14 suka wuce lafiya, biyu na ɗaga su da ƙyar, ɗaya daga ciki saboda "bara". Na shigar da maki a fom, monita tana kan waya tana cewa, "Hagu, Malam. Shuɗi."

Washegari aka kira mu ma'aikata gwaji a filin wasan makaranta, layi ya miƙe, kowa a kan ɗigon fenti, tsakani mita ɗaya. Rabona da tsayawa cikin mutane masu yawa haka tun Janairu. Da na iso gaban ma'aikaciyar, tana cikin farar rigar leda tun daga kai har ƙafa, gumi ya taru a gilashin fuskarta, ta ɗaga tsinken auduga ta yi mini alama in sauke takunkumi. Ta ce, "A." Na ce, "A." Ta girgiza kai, ta buɗe hannu tana nuna in ƙara. Na ja mata dogon wasali.